Amaryata, Kafin Ki Ɗaure Akwati

Amaryata,

Kishiyarki tana gaishe ki. Ta ce in gaya miki wata huɗun nan da kika bar mata ni ba ta ga abin kirkin da na tsinana ba, sai tari da neman shayi, don haka ki yi maza ki dawo ki karɓi kayanki. Ni dai ban tanka ba.

Daren Larabar nan da kika kira ni, na san da magana a bakinki tun daga sallamarki. Kika yi ta kewaye-kewaye, kina tambayar ciwon gwiwata, kina tambayar ko hazo ya sauka a Kano, har da akuyar da ta haihu. Sai da muka zo rabuwa kika ce, "Kaka, ni fa ban san abin da ke damuna ba. Ina son in dawo, kuma ba na son in dawo." Daga nan muryarki ta karye, kika roƙe ni kada in faɗa wa mamanki. Ban faɗa ba. Amsa kuma ban ba ki a wayar ba, domin maganar tsoho kamar fura ce, sai ta kwana take daɗi. Yau na sa aka miƙo mini tabarau da takarda.

Fara sauke kayan da kika ɗora wa kanki. Na ji a muryarki kina ganin kin ci amanar gida, kamar son da kike yi wa Santambul daga rabon Kano kika yanko shi. Zuciya ai ba buhun gero ba ce da za a ce an ɗebi mudu ya ragu. Kin karanta a Islamiyya yadda zazzaɓi ya kwantar da Sayyidina Bilal bayan hijira, yana kwance a Madina yana ambaton kwaruruka da duwatsun Makka. Garin da aka shimfiɗe shi a rana aka ɗora masa dutse a ƙirji, shi yake bege. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai tsawata masa ba. Addu'a ya yi Allah Ya sanya musu son Madina kamar yadda suke son Makka, ko ma fiye. Ki lura, bai roƙi a cire musu son Makka ba. Da aka buɗe Makka a shekara ta 8 bayan hijira, mutanen Madina suka shiga zullumi ko zai yi zamansa a mahaifarsa, sai ga shi ya koma tare da su, kuma a can ya cika. In fiyayyen halitta ya riƙe gari biyu a zuciya ɗaya, ke don me za ki hana kanki barci?

Kuma garin da kika je ba na bari ba waiwaye ba ne. A bakinki na san shi, har na kusa haddace hanya. Ki hau jirgin ruwa daga Eminonu, kafin shayin da ke ɗan kofin nan mai siririn ƙugu ya huce kin bar Turai kin sauka Asiya a Uskudar. Ki gutsuri burodin nan mai kamar gammo da aka barbaɗe da riɗi, ki cilla sama, tsuntsayen teku su cafe tun bai taɓa ruwa ba. Kati ɗaya ya shigar da ke bas, ya shigar da ke jirgin ruwa, ya shigar da ke jirgin ƙasan da tun 2013 yake ratsawa ta ƙarƙashin teku. Kin yi salla a masallacin Sulaimaniyya da aka gama tun 1557, kyanwa na barci a bakin ƙofa ba mai korarta. Wata huɗu ba ki taɓa tashi tsakar dare kina lalubar tocila ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa shi ne labarin dattijuwar nan mai share muku ɗakin kwana, ranar da kika fara ce mata "kolay gelsin", wato sannu da aiki irin tasu, ta ajiye tsintsiya ta kama kumatunki da hannu biyu ta kira ki 'yarta. Wanda ya bar irin wannan bai ji komai ba, shi ne abin a kai wa malamai su yi masa rubutu.

Bari in ba ki nawa labarin, wanda babanki ma rabinsa ya sani.

A watan Oktoba na 1978 aka tura mu, mu 'yan malaman makaranta, kwas na wata tara a Lids, can arewacin Ingila. Babanki a lokacin yana goye, ko tafiya bai fara ba. Aka ba ni ɗan ɗaki a saman benen wata gwauruwar Baturiya. Abin jin ɗumin ɗakin sai ka zura masa kwabo yake kamawa, in kwabon ya ƙare ya mutu, ko da kuwa kana tsakiyar tahiya. A watan Disamba magariba takan yi kafin ƙarfe huɗu. Naman halak sai na je kantin 'yan Pakistan. Wasiƙa takan yi mako biyu a hanya, in ta zo in karanta ta har takardar ta yi laushi. Sanyin shekarar ya yi tsanani, ga yajin aiki ko'ina: direbobin manyan motoci sun ajiye, masu kwashe shara sun ajiye har bola ta yi tudu a tsakiyar Landan muna gani a talabijin, a Libaful har masu haƙa kabari sai da suka ƙi aiki. Ina da kalanda a bango, kullum da asuba sai na soke rana ɗaya. Ba abin da nake roƙo kamar Allah Ya nuna mini Kano.

To ranar tafiya ta zo. Tsohuwar nan ta rako ni bakin ƙofa, ta miƙo mini butar shayin da nake sha da ita, ta ce in tafi da ita. Na shiga jirgin ƙasa zuwa Landan, ya fara motsi, jajayen gidajen nan da na yi wata tara ina tsine wa suka fara wucewa ta taga. Wallahi amarya sai ga hawaye. Ƙato da ni, mai mata da ɗa, na juya fuska ina share ido da hular sanyi. Na rasa gane kaina, kamar yadda kika rasa gane kanki daren Laraba.

Muka sauka a Kano cikin watan Yuli na 1979, damina ta kankama. Ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya buge ni tun daga matakalar jirgi, na ce alhamdu lillahi. Gida ya cika maƙil. Na miƙa hannu zan ɗauki babanki, ya ƙwalla ƙara ya maƙale a wuyan uwarsa. Ƙiwa ya yi mini kusan mako guda. Wannan ne mari na farko.

Na biyu ni na jawo wa kaina. Garin a lokacin ya ɗauki zafin zaɓe, soja na shirin miƙa mulki, ko'ina ka zauna maganar PRP ta Malam Aminu Kano ce da NPN ta Shehu Shagari, da Abubakar Rimi da ke neman gwamna. A majalisarmu ta gindin darbejiya ana ta musu har jijiyar wuya na tashi, ni kuwa da na sami 'yar kafa sai in sako, "A can kuwa, bas in an ce ƙarfe bakwai, ƙarfe bakwai ne." A yi maganar asibiti, in ce a can kuwa. A yi maganar ruwan famfo, in ce a can kuwa. Bolar Landan da kwabon abin ɗumi da kalandar da nake sokewa duk na manta da su, sai ka ce daga Aljanna aka koro ni. Ba a yi mako biyu ba suna ya bi ni: Malam A-can-kuwa. Har yau akwai tsoho ɗaya da ya rage a cikinsu, in mun haɗu wajen jana'iza da shi yake kirana.

Na ukun shi ne wanda har gobe in na tuna sai na yi istigfari. Kwana uku da dawowata ina rabon tsaraba, na ɗauko wani mayafin ulu da na saya wa Gwaggo, wadda ta riƙe ni tun ina ɗan shekara biyar a ƙauye. Na ce, "Af, ita Gwaggo ba a aika mata na dawo ba ne?" Tsakar gida ta yi tsit. Mahaifina yana kan buzunsa, bai ɗago ba, ya ce, "Gwaggonka ta riga mu gidan gaskiya tun cikin hunturu. Mun ɓoye maka don kada karatunka ya rikice." Ya ja carbi kaɗan, sannan ya ƙara da cewa, "Tun shekaranjiya muke jira ka tambaya."

Bai ƙara ko kalma ɗaya ba, kuma bai taɓa tayar da zancen ba har ya bar duniya. Kwana uku ina ba da labarin ƙanƙara da jirgin ƙasa, ban tambayi wa ya mutu, wa ya haihu, wa ya yi jinya ba. A zatona gida yana nan inda na ajiye shi, kamar agogon da aka cire wa batir, sai na dawo zai ci gaba da tafiya.

Shekaru bayan haka, ina koyarwa a kwalejin horon malamai, na ci karo da bayanin abin a littattafan nazarin halayyar ɗan Adam. Wani masani ɗan Norwe, Sverre Lysgaard, ya bi diddigin mutanen ƙasarsu da suka je karatu Amurka, a 1955 ya bayyana cewa baƙo yakan fara da murna, ya faɗa cikin ƙunci, sannan ya saba. A 1963 wasu mata da miji Amurkawa, John da Jeanne Gullahorn, suka ce ai ramin biyu ne, akwai wani yana jiran mutum bayan ya koma gida. Masana na baya sun yi gardama cewa ba kowa ke bin wannan layi daidai-wa-daida ba, kuma gaskiyarsu, zuciya ba ta bin jadawali. Amma dalilin na gamsu da shi. Mai fita yakan ɗaure ɗamara, ya san baƙon wuri zai je. Mai dawowa kuwa sakin jiki yake yi, yana cewa ai gida ne, sai tuntuɓe ya same shi a tsakar ɗakinsu.

Don haka ga abin da za ki tarar, in faɗa miki tun yanzu kada ya zo miki a ba-zata. Kwanakin farko ke ce sarauniya: 'yan sannu da zuwa, dambun nama, ƙannenki na rububin jan akwati. A mako na biyu za a ce, "Yaya Turkiyya?" Ki buɗe baki za ki fara, kafin ki kai jimla ta uku mai tambayar ya juya yana cigiyar cajar waya. Hotunan da kika tara, mamanki za ta kalli goma ta ce tuwo zai kama. Kada ki ɗauka ƙiyayya ce ko hassada. "Yaya hanya?" a wurinmu gaisuwa ce, amsarta "lafiya lau". Za ki koma aji ki tarar ƙawayenki suna dariyar abin da ba ki san tushensa ba, an sa wa wata rana, wasu biyu sun ɓata. Ga hazo, ga ƙurar da za ta fasa miki leɓe, ga ɗan adaidaita sahu da zai tsuga miki kuɗin da bai kai haka ba lokacin da kika tafi. Wata rana da daddare za a ɗauke wuta kina tsakiyar karatu, ki zauna cikin duhu ki ji wani abu ya tokare miki maƙogwaro. In ya zo ki bar shi ya fito. Yakan wuce. Nawa ya ɗauki kamar wata biyu.

Yanzu bari in sosa miki inda yake ƙaiƙayi, wanda ba ki faɗa ba amma na ji shi.

Jirgin ruwa da shayi ba su ne suka karya miki murya ba. Yarinyar nan mai mukullin ɗakinta a cikin jakarta, ita kike jin tsoron bari a can. Wadda ta je ofis ita kaɗai ta yi takardar izinin zama da guntun Turkancinta. Wadda ta kasafta kuɗinta suka kai ta ƙarshen wata, ta yi zazzaɓi ta kai kanta asibiti, ta ɓata a hanya ta nemo kanta. Wata huɗu ba wanda ya ce mata, "Ina za ki? Ke da wa? Kada magariba ta yi miki a waje." Kin san kuwa da kin sauka waɗannan tambayoyi suna nan a zaure suna jiranki, ba su san kin girma ba.

Ba zan ce miki babanki ya yi kuskure ba. Ya san garin da yake zaune, ya san abin da yake ji a labarai, ya san bakin mutane a kan 'ya mace. Tsoronsa yana da tushe. Ke ma ba zan ce kin yi kuskure ba, domin wanda ya taɓa riƙe linzamin kansa ba ya jin daɗin a mayar da shi a goya. Abin da nake roƙonki shi ne kada ki buɗe wannan shari'a a makon farko. In kika shigo da "ni fa a can ni kaɗai nake fita har goman dare", kin sha ƙasa tun ba a zauna ba, kuma kin ja wa ƙanwarki, don in tata damar ta zo za a ce a'a, mun ga yadda yayarta ta dawo. Ki riƙe wannan da kyau. Ba ke kaɗai kika yi tafiyar nan ba, duk 'yan matan zuri'armu da ke bayanki da ke za a auna su.

Yarda a gidan Bahaushe ba a karɓarta da gardama, gani ake yi a sakar wa mutum. In za ki fita ki faɗi inda za ki tun ba a tambaya ba. In kin ce ƙarfe biyar, biyar ta yi miki a gida. Ga inda "a can kuwa" take da amfani. Ki ɗauke wa mamanki wani nauyi da kanki: ranar ganin likitanta, lissafin cefane, zuwa makarantar ƙannenki. In suka ga wadda ta dawo ta fi wadda ta tafi hankali, igiyar da kanta za ta yi ta sassautawa. Ba duka za a sakar miki ba, kada in yi miki daɗin baki. Amma sanin da kika yi cewa za ki iya tsayawa da ƙafarki, wannan ba ya cikin kayan da ake bincikewa a filin jirgi, kuma ba mai karɓe shi a zaure. Babanki kuwa ki bar ni da shi. Wanda ya yi mini ƙiwa mako guda ai akwai bashina a kansa.

Sai kuma ki yi wa ƙasar mutane adalci, kada ki mayar da ita abin da ba ita ba. Baƙo raɓa ne, kuma falo ake sauke shi, ba ya ganin madafa. Ke da kuɗin tallafi kika zauna, a ɗakin ɗalibai, na wata huɗu. Dattijuwar da ta kama kumatunki ita ta san yadda aka ji a Oktoban 2022, lokacin da hauhawar farashi a ƙasarsu ta haura kashi 85 cikin ɗari a lissafin hukuma. Ita ta san girgizar ƙasar 6 ga Fabrairun 2023 da ta ci rayuka sama da 50,000. Su ma fa 'yan ci-rani ne. Tun yarjejeniyar 1961 suke kwarara Jamus neman aiki, har zuriyarsu a can ta kai miliyoyi. Suna da kalmar "gurbet", daga Larabci, ta zaman baƙunci nesa da gida. Waɗanda suke dawowa hutu daga Jamus da manyan motoci kuwa, 'yan gari suna yi musu laƙabi da "Almanji", 'yan Jamus, wato dai Malam A-can-kuwa nasu. Kin ga ashe kowane gari da darbejiyarsa. Kuma in kin manta ni ban manta ba: wace ce ta kira a watan Oktoba tana kuka, wai abincinsu ba yaji, wai ana kallonta a cikin bas kamar ta faɗo daga sama, wai ita a saya mata tikiti ta dawo? Zuciya rariya ce, in an bar wuri sai ta zubar da tsakuwa ta riƙe tsaba. Nan da shekara za ki rantse ba ki taɓa kuka a Santambul ba.

Ban ce kuma ki dawo kina yi wa mutane ƙarya wai komai namu ya fi ba. Haske ya fi duhu, ko a Kano ko a Sin. Layin da ake bi ba turereniya ya fi wanda ake hawa kan juna. Haushin da za ki ji in kin ga abin da zai yiwu amma ba a yi ba, haushi ne mai kyau, kada ki bari ya mutu. Baki ne dai ba ya iya ɗaukarsa. Ni duk "a can kuwa" da na yi ba ta gyara ko famfo ɗaya ba. Abin da ya yi aiki ƙarami ne, kuma shiru na yi shi: na koma aji na riƙa shiga kan lokaci, na sa akwatin littattafai a bayan aji, kowane yaro ya ara ya rubuta sunansa da kansa, ya dawo da shi ranar Juma'a, yadda na gani a wata firamare a Lids. Ban taɓa ce musu daga Ingila na kwaso ba. Wasu daga yaran nan yanzu da furfurarsu, in mun gamu akwatin suke tuna mini. Ke ma ki zaɓi abu ɗaya cikin abin da ya burge ki, wanda hannunki zai iya, ki yi ta yinsa ba sanarwa.

Labari kuwa a ba da shi, ai don haka ake tafiya. Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ana tsakiyar yaƙin duniya, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, mutane suka karanta suka ƙaru. Sirrin dai ki jira a tambaya, kuma ki fara da inda kika yi wauta. Ba su labarin ranar da kika hau jirgin ruwan da ba naki ba ya kai ki wata unguwa, ko ranar da kika kurɓi madarar nan tasu kina zaton mai sukari ce ashe gishiri ne a ciki. Mutane suna son matafiyin da ke yi wa kansa dariya. Wanda ya dawo da sanda yana auna su, ko gaskiya yake faɗa toshe kunne ake yi. Kafin duk wannan kuma, ki riga su tambaya. Wa ya rasu, wa ya haihu, wa ke kwance? Duk da wayar da ke hannunku yanzu, kada ki ɗauka an faɗa miki komai; har yau muna ɓoye wa na nesa abin da zai tayar masa da hankali. Ki zagaya gaisuwa da ta'aziyya da barka tun ƙafarki ba ta yi nauyi ba.

Na san kina tunanin komawa digiri na biyu. Allah Ya sa alheri, in da rabo ni mai sa baki ne. Amma kada ki zauna a gida zaman tasha, jaka a cinya kina jiran mota ta cika. An ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, kuma na ga masu barin gida suna kwance a tsakiyarsa: jiki a Kano, ido a waya, agogon zuci yana gaba da namu da awa biyu. Ki riƙe zumuncin ƙawayenki na can, abu ne mai kyau, ki ware masa lokacinsa. In mamanki na magana ki kife wayar.

Kwanakin da suka rage miki kada ki ƙarar da su a kasuwa. Tsaraba kaɗan ta isa, ki fara da tsofaffi, kuma kada ki ci bashi don a ce kin kawo. Takardar sakamakonki ki karɓe ta a hannu, da sa hannu da hatimi, ki yi mata hoto ki adana, don abin da za a gama miki cikin yini ɗaya kina tsaye zai iya cin wata uku in kin koma bin sa da wasiƙa. Sannan ki yi sallama ta sosai. Ki je wurin malamanki ɗaya bayan ɗaya. Ki nemi dattijuwar nan ki ba ta wani abu daga cikin kayanki na gida, ko turmin atamfa ne ko turaren wuta. Kin ce su ma in za a rabu sukan roƙi juna a halatta hakki, kamar yadda muke cewa a yafi juna. To ki roƙa, ki kuma yafe. Ni ban yi wa tsohuwar Lids sallamar kirki ba, ina saurin kada jirgi ya tashi. Wasiƙa ɗaya na rubuta mata, ta biyun na yi ta cewa gobe. Butar tana nan a kabad ɗin kishiyarki, murfin ya fashe. Ki hau jirgin ruwan nan sau ɗaya na ban kwana, ke kaɗai, ki yi kukanki a can ki gama. Ki sanar da gida ranar saukarki da lokacin, in kin iso kuma ki yi raka'a biyu kafin hira ta ɗauke ki, haka Manzon Allah yake yi in ya dawo daga tafiya.

In kin kwana biyu kin huta, ki zo. Ni ba inda za ni, kunnena ɗaya ne ya yi nauyi, ɗayan naki ne. Hotunan duka za mu kalla, tun daga na farko, kuma a ɗakina kaɗai na halatta miki "a can kuwa", ki faɗe ta har ki gaji. Ki taho mini da 'yan kofunan shayin nan masu siririn ƙugu. Guda biyu za ki sayo, don kishiyarki ta riga ta ce in ɗaya ne nata ne.

Allah Ya kawo ki lafiya.

Kakanki.